Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ake Tafiyar da PHP Iri-iri a Sabar Gida Ɗaya a Legas

Waɗannan tambayoyi ne da masu haɗa shafukan intanet suke yawan kawowa, musamman matasanmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 da ke riƙe da shafukan 'yan kasuwa, makarantu da ƙungiyoyi, kuma suke son su ajiye saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafuka, a ɗaki don gwaji ko don aikin cikin gida. PHP kuwa harshen kwamfuta ne da ake rubuta shafukan da shi. Mun gina amsoshin a kan Ubuntu 24.04. Wanda ke kan Debian zai tarar kusan komai iri ɗaya ne.

Me zai sa mutum ya ajiye sigar PHP biyu ko uku a na'ura ɗaya?

Domin ayyukan da ke hannunsa ba sa'o'in juna ba ne. Wani Alhaji na da manhajar lissafin kaya da aka rubuta masa shekarun baya, ba ta tashi sai da PHP 7.4. Wata makaranta kuma tana son sabon shafi da Laravel 11, wani tsarin gina shafuka da PHP, wanda ba ya karɓar ƙasa da 8.2. Ka ɗora tsohuwar a kan sabuwar siga ta faɗi, ka ɗora sabuwar a kan tsohuwa ta ƙi girkuwa.

Faɗuwar tana da dalili. PHP 7.0 ta cire dukkan umarnan da ke farawa da `mysql_`. PHP 7.2 ta fitar da `mcrypt`. PHP 8.0 ta cire `each()` da `create_function()`, sannan abubuwa da yawa da a da gargaɗi kawai ake yi a kansu suka koma kuskuren da ke tsayar da shafi gaba ɗaya. Shi ya sa tsallen 7.4 zuwa 8.0 ke wahalar da mutane.

Wace irin kwamfuta ce za ta ɗauki wannan aiki?

Tsohuwar laftof mai RAM 4GB ta isa shafuka uku ko huɗu marasa cunkoso. In da hali a kai shi 8GB. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a cire tsohon faifai mai juyawa a sa SSD, ko da mai 128GB ne. Ana samunsa a Computer Village da ke Ikeja. A haɗa na'urar da rauta ta waya, kada a dogara da Wi-Fi, sannan a shiga saitin rautar a keɓe mata adireshi ɗaya da ba ya sauyawa, misali 192.168.0.50.

Na girka PHP biyu, amma Apache ɗaya kawai yake gani. Me ya faru?

Kana amfani da `mod_php` ne. A wannan tsari PHP tana zaune a cikin cikin Apache, manhajar da ke miƙa shafuka ga burauza, kuma Apache ba ya ɗaukar siga biyu a cikinsa lokaci guda. Duk abin da za ka yi da `a2enmod` da `a2dismod`, sauya ɗaya da ɗaya kawai kake yi, dukkan shafukanka kuma su bi wadda ka kunna.

Mafita ita ce PHP-FPM. A nan kowace siga tana tashi da kanta, da ma'aikatanta, da fayil ɗin saitinta, da soket, wato fayil na musamman da ake yi mata magana ta cikinsa. Sabar yanar gizo, Nginx ce ko Apache, aikinta ya koma irin na ɗan kamasho a tasha: ta dubi inda fasinja ya nufa, ta nuna masa motar da zai shiga. Buƙatar da ta zo wa shafin shago ta tafi soket ɗin 7.4, ta shafin makaranta ta tafi na 8.3. Duk sauran abin da ke wannan rubutu a kan wannan rabuwar aka gina shi, don haka wanda bai riƙe ta da kyau ba ya sake karanta wannan amsa kafin ya taɓa komai.

Ta yaya ake girka sigogin?

Ubuntu 24.04 da PHP 8.3 kaɗai take zuwa, 22.04 da 8.1, Debian 12 kuma da 8.2. Sauran sigogin ana samo su ne daga rumbun Ondřej Surý, wanda shi ne ke kula da kunshin PHP na Debian:

```
sudo add-apt-repository ppa:ondrej/php
sudo apt update
sudo apt install php7.4-fpm php7.4-mysql php7.4-xml php7.4-mbstring php7.4-curl php7.4-gd php7.4-zip
sudo apt install php8.3-fpm php8.3-mysql php8.3-xml php8.3-mbstring php8.3-curl php8.3-gd php8.3-zip
```

Masu Debian ba sa amfani da PPA, wato irin wannan ƙarin rumbu na Ubuntu, nasu rumbun yana packages.sury.org.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, kada ka taɓa rubuta `php-mysql` ko `php` babu lamba. Da zarar ka ƙara wannan rumbu, sunan da ba lamba yana nufin sigar da rumbun ya ɗauka a matsayin ta yanzu, kuma wata rana `apt upgrade` zai jawo maka siga ta uku da ba ka nema ba. Na biyu, in ka rubuta `php8.3` shi kaɗai ba tare da `php8.3-fpm` ba, `apt` zai jawo `libapache2-mod-php8.3` da Apache baki ɗaya. In Nginx kake amfani da ita, sai su biyun su hau kokawa a kan ƙofa ta 80, wadda ta riga tashi ta kama, ɗayar ta mutu.

Bayan girkawa, `ls /run/php/` ya nuna maka `php7.4-fpm.sock` da `php8.3-fpm.sock`. In babu ɗaya, wannan sigar ba ta tashi ba.

Yaya zan gaya wa Nginx wane shafi ne na wace siga?

Kowane shafi da nasa fayil a `/etc/nginx/sites-available/`. Ga na shagon:

```
server {
    listen 80;
    server_name shago.test;
    root /var/www/shago;
    index index.php;

    location / {
        try_files $uri $uri/ /index.php?$args;
    }

    location ~ \.php$ {
        include snippets/fastcgi-php.conf;
        fastcgi_pass unix:/run/php/php7.4-fpm.sock;
    }
}
```

Na makarantar kwafinsa ne, abu uku kawai ke sauyawa: `server_name`, `root`, da lambar da ke layin `fastcgi_pass`. Sai a haɗa kowanne da `sites-enabled` ta `ln -s`, a buga `sudo nginx -t`, in ya ce lafiya a bi shi da `sudo systemctl reload nginx`.

Sunaye irin su `shago.test` ba a sayensu. A kwamfutar da kake gwaji da ita za ka ƙara layi a fayil ɗin `hosts`, wato `/etc/hosts` a Linux, `C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts` a Windows, ka rubuta adireshin sabar sannan sunan. Waya ba ta barin a taɓa wannan fayil cikin sauƙi, don haka in da waya za a gwada, a ba kowane shafi ƙofarsa: `listen 8074` da `listen 8083`, lambar ma ta riƙa tuna maka sigar.

Don tabbatarwa, ajiye fayil mai `<?php phpinfo();` a kowace folda, ka buɗe, ka ga lambar, ka goge shi nan take. Fayil ɗin yana tona asirin na'urar duka ga duk wanda ya buɗe shi.

Ni kuma Apache na saba da shi. Sai na bar shi?

A'a. Ka cire PHP daga cikinsa kawai:

```
sudo a2dismod php8.3 mpm_prefork
sudo a2enmod mpm_event proxy_fcgi setenvif
```

Sannan a cikin `VirtualHost` na kowane shafi:

```
<FilesMatch "\.php$">
    SetHandler "proxy:unix:/run/php/php7.4-fpm.sock|fcgi://localhost"
</FilesMatch>
```

Abin da ke kama mutane bayan wannan sauyi shi ne kuskure mai lamba 500 a shafin da jiya yake aiki. A duba `.htaccess`. In akwai layukan `php_value` ko `php_flag`, su ne. `Mod_php` kaɗai ya san su, yanzu kuwa babu shi. A kwashe su a mayar cikin fayil mai suna `.user.ini` a foldar shafin, a rubuta su yadda ake rubutu a `php.ini`. PHP tana sake karanta wannan fayil ne bayan daƙiƙa 300, saboda haka kada a yi tsammanin ganin sauyi nan da nan.

Shafina yana kan 7.4, amma `php -v` na cewa 8.3. Wanne ne gaskiya?

Duka biyun. PHP ta tagar umarni daban, ta FPM daban, ba ruwan ɗaya da ɗaya. Ana iya sauya ta tagar umarni da `sudo update-alternatives --config php`, amma shawararmu ita ce a daina dogara da kalmar `php` tsura. A kira kowacce da sunanta: `php7.4 artisan migrate`, `php8.3 /usr/local/bin/composer install`.

Wurin Composer, manhajar da ke sauko wa aikin PHP kayan da yake buƙata, abin ya fi haɗari, domin yana zaɓar kayan da zai sauke ne bisa sigar da ta tayar da shi. Ka tayar da shi da 8.3 a foldar aikin 7.4, zai iya sauko da kayan da 7.4 ba ta iya karantawa, shafin ya yi fari fat. Haka ma `cron`, mai gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara: a rubuta cikakkiyar hanya, `/usr/bin/php7.4`, in ba haka ba ranar da aka sauya sigar asali aikin dare zai daina gudu, ba wanda zai sani sai an nemi rahoton wata.

Na gyara `php.ini` amma ba abin da ya sauya.

Siga biyu na nufin `php.ini` huɗu aƙalla. Na shafin da ke kan 7.4 shi ne `/etc/php/7.4/fpm/php.ini`, wanda ke foldar `cli` na tagar umarni ne. Bayan gyara sai `sudo systemctl restart php7.4-fpm`. Sake tayar da Nginx ba ya taɓa PHP.

Abubuwan da kusan kowa ke buƙatar gyarawa: `upload_max_filesize` da ke zuwa a 2M, `post_max_size` a 8M, da `date.timezone = Africa/Lagos` don rasit ya fito da lokacin da ya dace. Nginx ma tana da nata iyakar, `client_max_body_size`, mai 1M. In ba a ɗaga ta ba, hoton waya ɗaya ya isa ya jawo kuskure 413 tun kafin PHP ta gan shi.

Ina samun 502. Daga ina zan fara?

502 na nufin Nginx ta ƙwanƙwasa, ba wanda ya amsa. Bi su a jere. `systemctl status php7.4-fpm` zai nuna ko sigar tana raye. In ta mutu, `sudo php-fpm7.4 -t` zai faɗi layin da ya lalace a saitinta. In tana raye, a gwada hanyar soket da ke `fastcgi_pass` da abin da ke `/run/php/` harafi da harafi. In sun dace, sai izini: `/var/log/nginx/error.log` zai ce an hana shiga soket, wato `listen.owner` da `listen.group` ba `www-data` ba ne.

504 wani abu ne daban: PHP ta amsa sallama amma ta wuce daƙiƙa 60 ba ta gama ba. In kuwa burauza sauke fayil ɗin PHP take yi maimakon nuna shafi, ɓangaren `location ~ \.php$` ne babu, kuma wannan a gyara shi da gaggawa, don kalmar sirrin ma'ajiyar bayanai tana cikin irin waɗannan fayiloli. Saƙon `Primary script unknown` kuma yana iya zuwa daga ajiye shafi a `/home`: sababbin sigogin Ubuntu suna rufe foldar gidan mai amfani da izinin 750, `www-data` ba ya iya shiga. A mayar da shafin `/var/www`.

RAM nawa kowace siga ke ci?

Aunawa ake yi. Bayan shafin ya yi ɗan aiki, `ps --no-headers -o rss -C php-fpm8.3` zai jera abin da kowane ma'aikaci ke riƙe da shi a kilobait. A ce ka ga kusan 60MB kowanne, na'urarka kuma 4GB ce. Ware 1.5GB ga Ubuntu da ma'ajiyar bayanai, saura 2.5GB, ka raba da 60 ka sami kusan 40. Wannan arba'in ɗin na dukkan sigogin ne a haɗe, ba na kowacce ba. Ka tuna kuma kowace siga tana da nata OPcache, wurin da take ajiye rubutun PHP da ta riga ta sarrafa, wanda aka ware wa 128MB.

Saitin yana `/etc/php/8.3/fpm/pool.d/www.conf`, inda `pm.max_children` ke zuwa a 5. Ga sabar gida biyar ɗin kan isa, sai in fayil ɗin `/var/log/php8.3-fpm.log` ya fara kukan an kai iyaka. Sigar da ba a cika taɓawa ba a sa mata `pm = ondemand`, ma'aikatanta su tashi in an zo, su kwanta in an tafi.

Ba haɗari ba ne barin 7.4 tana gudu?

Haɗari ne, kuma ba ma son a ɗauke shi da wasa. Masu PHP sun daina fitar wa 7.4 gyaran tsaro tun 28 ga Nuwamba 2022, 8.0 kuma a Nuwamba 2023, 5.6 tun ƙarshen 2018. Wannan tsari na ba ka lokacin gyara tsohuwar manhaja ne, ba izinin mantawa da ita ba.

Kafin a gama gyaran, abu biyu wajibi ne. Tsohon shafin ya tsaya a cikin gida: a sa `allow 192.168.0.0/24;` da `deny all;` a fayil ɗinsa na Nginx. Sannan a raba masu amfani. Yadda kunshin ke zuwa, duk sigogin da sunan `www-data` suke gudu, ma'ana wanda ya fasa tsohon shafin zai karanta fayilolin sabon. A ƙirƙiri mai amfani na musamman da `sudo adduser --system --group shago`, a kwafi `www.conf` zuwa `shago.conf`, a sauya sunan da ke samansa, a sa `user = shago`, `group = shago`, da sabon soket kamar `/run/php/shago.sock`. `listen.owner` ya zauna a `www-data` don Nginx ta iya shiga. Foldar shafin a mallaka wa `shago`, kowane shafi kuma da nasa asusun a ma'ajiyar bayanai, ba `root` ba.

Ma'ajiyar bayanai ma sai an yi biyu?

Guda ɗaya ta isa. Matsalar da aka sani ita ce MySQL 8 tana tantance kalmar sirri da `caching_sha2_password`, wanda PHP ba ta goyi bayansa sosai ba sai daga 7.4.4. Mai riƙe da 5.6 ko 7.0 ya girka MariaDB a madadin MySQL ya huta.

Python da Node fa?

Tunanin ɗaya ne: kowane aiki ya tashi da kansa, Nginx ta miƙa masa buƙata da `proxy_pass`. Amma a Python akwai gargaɗi babba. Kada a sauya abin da `python3` ke nunawa, domin kayan Ubuntu da yawa a kansa suke tsaye, har da `add-apt-repository` da muka yi amfani da shi a sama. Ubuntu 24.04 da 3.12 take zuwa. Wata sigar a samo ta da `pyenv` ko rumbun deadsnakes, a yi wa kowane aiki keɓaɓɓen muhalli da `python3.10 -m venv`, a tayar da Gunicorn, mai gudanar da shafin Python, daga cikin muhallin a ƙofa 8001, na gaba a 8002.

Node kuma `nvm` ake amfani da shi wajen girka sigoginsa. Sai dai `systemd`, mai tayar da ayyuka idan na'ura ta kunna, ba ya karanta `.bashrc`, don haka bai san `nvm` ba. A layin `ExecStart` dole a rubuta cikakkiyar hanyar `node` ɗin da ake nufi.

Docker bai fi sauƙi ba?

Docker, wanda ke sa kowane aiki a keɓaɓɓen akwatinsa, ya fi tsabta wajen raba ayyuka, kuma wanda ke aiki da abokan sana'a a wurare daban-daban zai ji daɗinsa. Kuɗinsa shi ne data da RAM: kunshin PHP na hukuma da ake saukewa a Docker na iya kai ɗaruruwan megabait, kuma `mysqli` da `gd` sai ka gina su da kanka. Ga mai laftof 4GB da data ta wata-wata, FPM ya fi dacewa.

Na buɗe ƙofa ta 80 a rauta, amma daga waje ba a ganin shafin.

Shiga rautar ka duba adireshin da kamfanin intanet ya ba ta, ka gwada shi da wanda shafukan duba adireshi ke nuna maka. In sun bambanta, ko na rautar ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, kana bayan CGNAT ne: kai da ɗimbin mutane adireshi ɗaya kuke rabawa, buɗe ƙofa a rautarka ba zai yi komai ba. Haka akasarin layukan waya da MiFi suke, haka ma tsarin gida na Starlink.

Hanya uku ce. Mai layin faiba ya tambayi kamfaninsa adireshin kansa, yawanci da ƙarin kuɗi. Wanda ke son jama'a su ga shafin ya yi amfani da Cloudflare Tunnel, inda sabar ce ke fita ta haɗu da su, ba a buɗe ƙofa ko ɗaya. Wannan yana buƙatar sunan yanki naka, ko da na `.com.ng` ne da ake saya wurin dillalan da NiRA, mai kula da sunayen `.ng`, ta amince da su. In kuwa kai da Alhajin mai shago kaɗai za ku shiga, Tailscale, mai haɗa na'urorinku a keɓe ta intanet, ya fi, don shafin ba ya fita bainar jama'a sam. Ga tsohon shafin 7.4, wannan ta ukun kaɗai muke ba da shawara.

Wuta fa? Kullum sai an ɗauke.

A nan laftof ta fi kwamfutar tebur, don batirinta ya riƙe ta tsakanin ɗaukewar NEPA da tashin janareta ko inbata. Na'urar da ke jan wat 20 tana cin kusan kilowat-awa 14 a wata, ƙaramar sola ma ta ɗauke ta. Rautar ita ma a sa mata ƙaramin batir mai bolt ɗin da aka rubuta a cajarta, in ba haka ba saba na raye amma ba mai isa gare ta.

A `/etc/systemd/logind.conf` a sa `HandleLidSwitch=ignore` don kada rufe murfi ya sa ta barci. Mai kwamfutar tebur ya shiga BIOS ya kunna saitin da ke tayar da ita da kanta idan wuta ta dawo. A tabbatar kowace siga za ta tashi tare da na'urar: `systemctl is-enabled php7.4-fpm php8.3-fpm nginx mariadb`. Teburan ma'ajiyar bayanai su kasance na tsarin InnoDB, domin tsofaffin manhajoji kan zo da MyISAM, wanda yankewar wuta a tsakiyar rubutu ke lalatawa. Kwafe ma'ajiyar da `mysqldump` kowane dare zuwa wani faifai daban ba abin sakaci ba ne.

Zafi da laimar Legas ma suna aiki a kan na'ura. A ɗaga ta daga ƙasa, kada a kulle ta a durowa, a riƙa busa ƙurar fanka. Batirin da ke kan caji dare da rana yakan kumbura. In madannai ko ƙasan laftof suka fara tasowa, a kashe ta a cire batirin ranar.

Na gama gyara manhajar. Yaya zan mayar da ita sabuwar siga in cire tsohuwar?

Kada a taɓa shafin da ke aiki tukuna. A kwafi foldarsa da ma'ajiyarsa, a ba kwafin suna kamar `gwaji.test`, a nuna shi ga soket ɗin 8.3, a bi kowane fom da kowane rahoto ana kallon fayil ɗin kurakurai. A gwada `php7.4 -m` da `php8.3 -m` don ganin ko akwai ƙarin kayan PHP, irin su `gd`, da ke tsohuwar babu su a sabuwar. In komai ya tafi daidai, a sauya layin `fastcgi_pass` na ainihin shafin, a gyara hanyoyin `cron`, a bar 7.4 a kashe na mako ɗaya ko biyu da `sudo systemctl disable --now php7.4-fpm` ko da za a buƙaci komawa. Bayan nan `grep -r "7.4" /etc/nginx/sites-enabled/ /etc/cron.d/` da `crontab -l` su tabbatar ba abin da ke kiranta, sannan `sudo apt purge 'php7.4*'`, a karanta jerin abin da `apt` zai cire kafin a amsa masa.